Ga ƙannena masu shirin zuwa Kanada da takardar akanta

Ƙannena, akwai wani mutum da nake so ku san labarinsa kafin ku ɗaure kaya: Emmanuel Dubourg. An haife shi a Saint-Marc ta ƙasar Haiti a 1958, ya iso lardin Kebek na Kanada a 1974 yana matashi. Ya karanci aikin akanta, ya daɗe yana aiki a hukumar haraji ta tarayyar Kanada, ya kuma koyar. A 2007 mutanen mazaɓar Viau, inda unguwar Saint-Michel take a Montreal, suka tura shi majalisar dokokin lardin Kebek. A 2013 ya wuce majalisar tarayya a Ottawa daga mazaɓar Bourassa.

Shi a nan Kebek ya yi karatunsa, ni kuwa da gemuna na zo daga Maraɗi, riƙe da takardun da nake taƙama da su. A nan na fara tuntuɓe. A Kebek ba ka isa ka kira kanka CPA, wato ƙwararren akanta mai lasisi, ba sai ƙungiyar akantoci ta lardin ta ba ka izini. Ita ke duba karatun da ka yi a waje, ta faɗa maka abin da ya rage ka cike. Da aka ce in koma aji, sai raina ya ɓaci. Ni da na riƙe littattafan kuɗin manyan 'yan kasuwa, a ce in zauna da sa'o'in ƙannena? Na ƙi. Na koma aikin dare a wani sito, ina ɗaga kwalaye da yatsu a sandare don sanyi, ina jiran ranar da wani zai gane darajata. Babu wanda ya zo. Waɗanda muka sauka tare, suka haɗiye girman kai suka shiga aji, sun yi mini nisa tun ban farga ba.

Gaskiyar ita ce ƙungiyar akantocin tana da hujja. Harajin nan ba irin namu ba ne. Mazaunin Kebek takarda biyu yake cikawa duk shekara, ɗaya ta tarayya, ɗaya ta lardi, kuma ga yawancin mutane wa'adin 30 ga Afrilu ne. Wanda bai koyi wannan a nan ba, ɓarna zai yi wa jama'a.

Kuskurena na biyu ya fi ci mini rai. Na kulle kaina cikin 'yan uwa. Hira da namu, shayi da namu, ko sunan maƙwabcina ban sani ba. Alhali kujera irin ta Dubourg maƙwabta ke bayar da ita, kuma ba sa ba baƙon fuska.

Sai daga baya na shiga cikin masu aikin sa kai da ke cika wa marasa ƙarfi takardun haraji kyauta a watannin Maris da Afrilu. Wata tsohuwa ta zo mini da rasiɗai cunkushe a leda, hannunta na rawa, tana tsoron an ci ta tara. Muka baje su kan tebur ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi gwamnati ce ma za ta mayar mata da kuɗi. Daga bakinta sunana ya zagaya unguwar.

Don haka, tun kana gida ka tanadi takardun makinka da bayanin kowane darasi da ka ɗauka, domin za a nema. Ka miƙa su ga ƙungiyar akantocin tun farkon zuwanka. In Faransancinka bai nuna ba, ka gyara shi. Watan Maris na farko da zai same ka a nan, ka je cibiyar unguwarku ka rubuta sunanka cikin masu taimako.