Ku Ɗaga Rigar Yaro Kafin Ku Rubuta Magani

Ƙannena da kuka fito daga makarantar jinya aka tura ku ƙananan asibitocin karkarar Marwa, Garwa ko Kusiri a arewacin Kamaru, inda ba a ganin likita sai an je asibitin gunduma, kuskuren da muka fi tafkawa a farkon aikinmu gaggawa ce ta haife shi. A kawo yaro da zafin jiki a watan Satumba, mu soki yatsa, TDR, wato gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro, ya fito da layi biyu, mu rubuta maganin zazzaɓin cizon sauro, mu ce a shigo da na gaba. Ko rigarsa ba mu ɗaga ba.

Yawancin TDR ɗinmu furotin HRP2 da ƙwayar cutar ke fitarwa suke nema, shi kuwa yakan zauna a jini har makonni bayan ƙwayar cutar ta mutu. Kuma a damina layi biyu ba ya hana yaro ɗauke da ciwon huhu ko sanƙarau a lokaci guda. Ku ba da maganin, amma ku gama dubawa.

Ku fara da numfashi, yaro na kwance a jikin uwarsa, kafin allura ta sa shi kuka. Minti ɗaya cur, da agogo. Mun sha ƙirga sakan 15 mu ninka huɗu, alhali jariri yakan yi numfashi ya tsaya ya ci gaba, sai lissafin ya fito ƙarya. Numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 ga wanda bai cika wata 2 ba, 50 daga wata 2 zuwa 11, 40 daga shekara 1 zuwa ƙasa da 5. Ku kuma kalli ƙasan ƙirji: in yana lotsawa ciki lokacin da yaro ke jan iska, huhu na wahala. Na'urar yatsa in ta nuna iskar oksijin ƙasa da 90, ku ɗumama yatsan ku sake gwadawa, domin yatsa mai sanyi yakan ruɗe ta. In ta sake nuna haka, ku yarda da ita.

Daga hunturu zuwa ƙarshen bazara, kowane mai zazzaɓi a taɓa wuyansa don gudun sanƙarau. Jariri sau da yawa wuyansa ba ya sanƙarewa. Maɗigarsa ake dubawa ko ta kumbura, da kuma ko ya daina kama nono.

Wajen ƙarancin jini an koya mana duba tafin hannu, ba a gaya mana abin da za mu yi da hannun da ya sha lalle ba. Ku ja fatar ido ta ƙasa, ku duba harshe. Yaron da ya zo a sume ko yana jijjiga kuma, kada ku tsaya ga cewa zazzaɓi ne ya hau kai. Ku auna sukari. In babu abin awo, ku ɗauka ya faɗi: glukos mai kashi 10 cikin 100, mililita 5 ga kowane kilo, ta jijiya. In jijiya ta ƙi samuwa, ƙaramin cokali na sukari da aka jiƙa a sa ƙarƙashin harshe.

Mai tamowa shi ya fi yaudarar sabon ma'aikaci. Awon damtse ƙasa da milimita 115, ko ramin da ya zauna a bayan ƙafafu biyu bayan an danna sakan 3, tamowa ce mai tsanani. Irin wannan yaro yana iya ɗauke da mummunar cuta jikinsa sanyi ƙalau. Fatarsa in an tsunkula ba ta komawa da wuri ko da bai rasa ruwa ba, kuma nan ne muka sha yin ɓarna: mu ɗaura ƙarin ruwa mu sake shi da gudu, zuciya mai rauni ta kasa ɗauka.

Tambaya ma tana da hanyarta. In kuka ce "kun ba shi magani?" za a ce a'a, don tsoron faɗa. Ku ce, "Inna, me aka ba shi a gida, kuma yaushe?" Sai ku ji farasitamol ɗin mai tebur da ya ɓoye zafin, ko jiƙon da aka ɗura masa. In ɗan fari ne, uwa za ta sunkuyar da kai don kunya kaka ta yi ta amsawa. Ku girmama Hajiya, sannan ku keɓe wadda ta kwana da yaron ku tambaye ta, da Fulatanci ko Larabcin Shuwa in shi ta fi ji.

Mai ciki da ta wuce mako 20 ta zo da ciwon kai, a auna hawan jini bayan ta zauna minti 5. Al'adar nan tamu ta cewa 14/9 maimakon 140/90 tana sa mu datse lamba: 148 da 140 duk su zama 14. Ku rubuta cikakkiya. Daga 140/90 a gwada fitsari, 160/110 kuwa ba a kwana da ita.

Duk awon da kuka yi ku sa masa lokaci a karne, wato littafin asibiti na marar lafiya, ku sake shi bayan magani, domin bugun zuciya na ƙaruwa ko raguwa ba a gane shi da awo ɗaya. In za ku tura marar lafiya gaba, ku yanke shawara da sauran rana. A damina hanyoyin yankin Logon da Shari, inda Kusiri take, ruwa yakan shanye su, kuma mai babur ba kasafai yake yarda ya ɗauki marar lafiya bayan magariba ba.