Abin da Na Koya daga Haɗa Risiba Biyu a kan Dish Ɗaya

Shekarun da na yi ina kula da na'urori a wani ƙaramin gidan rediyon FM sun koya mini abubuwa da dama, amma babu wanda ya zauna mini a rai kamar abin da ya faru lokacin da aka buƙaci in haɗa risiba biyu a kan dish ɗaya. Kamar gidajen rediyo da yawa a arewacin Najeriya da Nijar, waɗanda a wancan lokacin suke karɓo shirye-shiryen Hausa na tashoshi irin su BBC da DW da RFI su sake watsawa, mu ma muna da shirin da muke ɗaukowa ta tauraron ɗan Adam kowace safiya. Da aka ƙulla yarjejeniyar karɓar shiri na biyu, sai aka tarar cewa yana zuwa ne ta tauraron da dish ɗinmu yake fuskanta, don haka kowa ya ga babu dalilin kashe kuɗi a kan wani dish, kuma ni ma ra'ayina ke nan.

Na sayo sifilita, wato ɗan ƙaramin ƙarfen nan mai bakin shiga ɗaya da bakin fita biyu, na yanke wayar da ke saukowa daga rufi, na raba ta gida biyu. Na gwada da rana, risiba biyun suka kama sarai. Washegari da asuba, lokacin da ya kamata shirin safe ya shigo, sai tashar ta yi tsit, kuma wanda ya taɓa aiki a gidan rediyo ya san nauyin shirun minti ɗaya a kan iska. Da na iso na bincika, sai na ga cewa ma'aikacin dare ya kashe sabuwar risibar domin ya rage wa batir nauyi, abin da yake daidai ne a tsarin aikinmu, kuma kashe ta ɗin ne ya ɗauke siginar tsohuwar.

A nan na gane cewa fahimtar da na yi wa wayar dish tun farko guntuwa ce. Na ɗauke ta kamar bututun ruwa wanda ke sauko da abu daga sama kawai, alhali kuwa hanya ce mai zuwa da dawowa. Na'urar da ke zaune a gaban dish, wadda ake kira LNB, ba ta da wutar kanta. Risiba ce ke tura mata wuta ta cikin wayar nan da sigina ke saukowa. Sifilitar da na saya tana barin wuta ta wuce ta baki ɗaya ne kawai, kuma a wannan bakin na ɗaura sabuwar risibar ba tare da na lura da alamar da ke jikin ƙarfen ba. Saboda haka rayuwar dish ɗin gaba ɗaya ta koma hannun risibar da ba a buƙatarta da asuba.

Gyaran farko da na yi shi ne sauya sifilitar da wadda ke barin wuta ta wuce ta kowane baki, kuma wannan ya kai ni ga darasi na biyu, wanda ya fi na farko zurfi. Wutar da risiba ke turawa ba abinci ba ce kawai ga LNB, umarni ce. Siginar da ke zuwa a zangon mitoci da ake kira Ku, daga gigahaz 10.7 zuwa 12.75, ta fi abin da waya ɗaya za ta ɗauka a lokaci guda, domin LNB tana sauke ta ne zuwa tsakanin megahaz 950 da 2150 kafin ta bi waya. Don haka aka raba ta kashi huɗu. Akwai sigina mai zuwa a tsaye da mai zuwa a kwance, kuma kowace tana da ƙaramin zango da babban zango, iyakarsu a gigahaz 11.7. Idan risiba ta tura bolt 13, LNB za ta ba ta na tsaye. Idan ta tura bolt 18, za ta ba ta na kwance. Idan kuma ta ɗora wani amo mai kilohaz 22 a kan wutar, LNB za ta koma babban zango, in babu amon ta zauna a ƙarami. Ɗakuna huɗu ne, kuma LNB mai baki ɗaya ɗaki ɗaya kawai take iya buɗewa a lokaci guda.

Shirye-shiryenmu biyu sun kasance a ɗaki ɗaya a ranar da na yi gwaji, shi ya sa komai ya tafi daidai. Bayan wasu makonni aka sanar da mu cewa za a mayar da shiri na biyu wata mita da ke ɓangaren kwance. Daga ranar, duk lokacin da aka kunna risiba biyun tare, mai tura bolt 18 ce ke rinjaye, ita kuwa mai neman na tsaye sai ta rasa tasharta, alhali allonta yana nuna ƙarfin sigina a cike. Wannan ya ruɗe ni na kwana biyu, har sai da na sa na'urar auna wuta a kan wayar na ga bolt 18 a inda nake zaton 13. Tun daga nan na daina dogaro da layin ƙarfin sigina shi kaɗai, domin abin da yake faɗa kawai shi ne akwai wani abu a wayar. Layin inganci ne ke nuna ko abin da ake nema ne ya iso.

Abin da na fi jin tsoro tun farko, wato raguwar sigina, shi ne ya fi ƙarancin ba ni wahala. Gaskiya ne cewa sifilita mai baki biyu tana cin kusan desibel 3.5 (ma'aunin ƙaruwa ko raguwar sigina) a kowane baki, wato fiye da rabin ƙarfin, mai baki huɗu kuma kusan 7, amma LNB tana ƙara wa sigina ƙarfi sosai, sama da desibel 50, don haka idan wayar ba ta yi tsawo ainun ba, risiba ba ta damuwa. Abin lura a nan biyu ne: sifilitar ta zama wadda aka rubuta mata har megahaz 2400 ko kusa da haka, domin irin ta eriyar talabijin ta gida tana tsayawa ne wajen 1000, kuma bakin da ba a amfani da shi a toshe shi da murfi mai om 75. Na ga masu aiki da yawa suna gaggawar sa na'urar ƙara ƙarfi a kan waya da zarar hoto ko murya ta fara yankewa, kuma a ganina wannan ɓarnar kuɗi ce a mafi yawan lokuta, domin tana ƙara ƙarfin hayaniya tare da siginar. Idan ruwan saman Agusta ne ke yanke shiri, maganin yana ga girman dish da daidaita shi, ba a cikin ɗaki ba.

Abin da ya warware matsalarmu shi ne sauya LNB da mai baki huɗu masu cin gashin kansu, inda kowace risiba take da wayarta tun daga rufi, tana ba da wutarta, tana zaɓar ɗakin da take so ba tare da ta taɓa ta kusa da ita ba. Kuɗin bai kai na sabon dish ba, kuma da na san haka da shi zan fara. Inda risiba suka yi yawa, kamar a otal ko babban ofis, akan yi amfani da LNB da ke fitar da ɗakunan huɗu a wayoyi huɗu daban, su shiga akwatin rarrabawa mai wutar kansa, shi kuma ya ba kowace risiba abin da ta nema. Akwai kuma tsarin waya ɗaya da ake kira Unicable, wanda ke ware wa kowace risiba mitarta a cikin wayar, sai dai dole risibar ta san wannan yaren.

Daga baya, da na yi karatu a kan rediyon tauraron ɗan Adam na Amurka, sai na tarar da matsalar nan a wata riga. Kamfanonin Sirius da XM, waɗanda suka haɗe a 2008, suna watsawa ne a zango biyu maƙwabtan juna tsakanin megahaz 2320 da 2345, kuma ƙaramar eriyarsu tana ɗauke da na'urar ƙara ƙarfi wadda rediyon ke ciyar da ita ta waya. Mai son haɗa rediyo biyu a kan eriya ɗaya a can dole ya yanke shawarar wanne zai ba da wuta, ya tare wutar ɗayan, sannan ya tuna cewa wasu rediyon suna duba ko ana jan wuta daga gare su, in ba a ja ba su ce babu eriya.

Akwai abin da ban yarda da shi ba har yanzu, ko da an yi haɗin daidai. Dish ɗaya yana nufin iska ɗaya mai ƙarfi a farkon damina, ko ruwa da ya shiga kan waya, ko LNB da ta ƙone, na iya ɗauke shirye-shirye duka a lokaci guda. Ga gida ko masauki wannan abin haƙuri ne, amma ga tashar da jama'a ke jiran labarai daga gare ta, na nemi a ajiye LNB ta biyu a cikin durowa, kuma aka amince. Na kuma manna wa kowace waya takarda a ƙarshenta biyu, ɗauke da sunan risibar, da ɓangaren da take kamawa, da adadin bolt ɗin da ya kamata na'urar auna wuta ta nuna, sannan na zauna da ma'aikatan dare na nuna musu yadda za su auna da kansu kafin su kira ni.