Sana'ar Haɗa Kayan Kiɗa da Koyar da Yara a Kano

Ina da ƙaramin wurin sana'a a birnin Kano inda muke haɗa kayan kiɗan gargajiya da gyara su. Mafi yawan aikinmu kalangu ne da ganga da kotso, sai kukuma da gurmi idan wani ya kawo aikinsu. Haɗa kayan na gada daga mahaifina, amma koyar da yaran da iyayensu ba makaɗa ba ne, wannan ni na ƙara shi a kan sana'ar, kuma a yanzu shi ne sashen da na fi ba muhimmanci, duk da cewa ba shi ne yake ciyar da gidana ba.

Aikin kalangu yana farawa ne daga hannun masassaƙa na ƙauye, waɗanda suke sassaƙo mana icen, su rarake cikinsa, su tsuke tsakiyarsa. Mun fi son alilliba saboda ba ta da nauyi a kafaɗa kuma tana ba da amo, amma dole a bar ta ta bushe a inuwa, domin icen da aka yi wa gaggawa yakan tsage da zarar hunturu ya shigo. Fatar ɗan akuya ake sawa, a jiƙa ta, a kankare gashin har ta yi laushi, a ɗinke ta a baki biyu, sannan a ja tsarkiya daga wannan baki zuwa wancan. Tsarkiyar nan ita ce ran kalangu, domin ita makaɗi yake matsawa a hammatarsa murya ta hau, ya sassauta ta sauka. Kotso kuwa fuska ɗaya gare shi, da hannu ake kaɗa shi, kuma ana liƙa masa wani irin danƙo da ake kira nake a tsakiyar fata don muryar ta zauna. Kukuma ƙoƙo ce da ake rufewa da fatar guza, a ɗaura mata izgar doki, a goga ƙaro a jikin izgar kafin ta yi kuka. Duk waɗannan kaya suna bin yanayi: da damina fata takan saki, da hunturu ta ɗaure har ta fashe, shi ya sa kuɗin gyara ya fi kuɗin sabon aiki shigo mana a kai a kai.

Masu sayenmu makaɗan fada ne, da makaɗan 'yan dambe da na mahauta, da ƙungiyoyin rawar koroso, da masu ɗakunan ɗaukar waƙa, sai baƙi masu son abin rataya a bango. Kasuwar ta ragu tun da masu biki suka koma ɗaukar mai sa waƙa a na'ura, amma abin da ya fi damuna ba raguwar ciniki ba ce. A da, ɗan makaɗi yana tashi ne da kuntukuru, wato ƙaramar gangar da ke rakiyar kalangu, a wuyansa, yana bin ubansa gidan biki da fagen dambe, ya shekara da shekaru yana amshi kafin a bar shi ya riƙe babban kalangu. Wannan hanya ta gado ita kaɗai ce makarantar kiɗa da muke da ita, kuma ga ta tana rufewa, domin 'ya'yan makaɗa da yawa sun kama wasu sana'o'i, ba a kuma buɗe wata ƙofa ga waɗanda ba su gada ba.

A takarda, makarantun boko sun ɗauki wannan nauyi. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara 9 ta tanadi darasin al'adu da fasaha, wanda ya haɗa kiɗa da zane da wasan kwaikwayo, daga firamare har ƙaramar sakandare. Sai dai a makarantun da nake kai wa kaya, abin da na fi gani shi ne malami ya zana kalangu a allo, yara su kwafa, su haddace cewa kayan kiɗa sun kasu zuwa na bugawa da na busawa da na gogawa, su ci jarrabawa ba tare da sun taɓa riƙe abin kiɗa ba. Wata makaranta mai zaman kanta ta taɓa sayen ganguna a wurina saboda bikin ranar al'adu, da aka dawo da su gyara bayan shekara sai na tarar ɓera ne ya cinye fatun a ma'aji, ba kiɗa ne ya fasa su ba. Ban ga laifin malamin ba, domin shi ma ba a taɓa koya masa ba.

Abin da yaro yake samu idan ya riƙe abin kiɗa da hannunsa ya wuce nishaɗi. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, kuma kalangu wannan hawa da saukar yake kwaikwaya, da tsawon gaɓa da gajartarta, har mai sauraro ya ji magana a cikin kiɗa. Saboda haka ba na fara koya wa yaro bugu sai ya iya faɗin taken da bakinsa daidai, kuma na lura cewa wanda ya saba da wannan yakan fi tsararsa gane karin rubutacciyar waƙa idan an zo darasin Hausa. Sannan kowane take yana ɗauke da mai shi. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, manoma suna da gangar noma, mafarauta suna da garaya, tambari da kakaki kuwa na sarauta ne, ba a buga su ga kowa. Yaron da ya koyi waɗannan ya koyi yadda al'ummarsa ta tsara kanta. Idan ya kai ga waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, waɗanda da kotso suka yi su, zai ji sunayen sarakuna da garuruwa da nasaba waɗanda littafin tarihinsa bai kawo ba. Akwai kuma horon zama cikin jama'a, domin mai ƙaramin kalangu dole ya riƙe kiɗa ɗaya bai kauce ba, yana sauraron na gaba da shi, ko da hannunsa yana ƙaiƙayin yin ado.

Iyaye sukan zo da tsoro iri biyu, na addini da na roƙo, kuma ba na raina ko ɗaya. Sharaɗina shi ne sai yaro ya taso daga Islamiyya, ba ma kiɗa a lokacin salla, kuma ba na aika ɗan kowa gidan biki. Ga uban da ya ce mini, "Malam, ɗana ba maroƙi ba ne," nakan tuna masa cewa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, kuma Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zaga ƙasashe da kuntigi, abin da ake haɗawa da gwangwanin kifi da tsarkiya ɗaya. Wasu sukan yarda, wasu su tafi da 'ya'yansu, kuma haƙƙinsu ne. 'Yan mata ba su cika zuwa wurina ba. Wata dattijuwa ce a unguwarmu take koya musu kiɗan ƙwarya da shantu a cikin gida, ni kuma ina samo mata ƙoren da suka dace.

A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya, wadda gwamnatin Nijar ta kafa, inda ake adana kayan kiɗan ƙasar ana kuma koyar da su, kuma a can marigayi Malam Maman Barka, gwanin gurmi, ya yi aiki. Irinta nake fata a nan. A 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali, hawan kuwa ba ya cika sai da masu algaita da kakaki da ganga, kuma yawancin waɗanda nake yi wa gyara a cikinsu furfura ta fito musu. Abin da nake nema daga makarantun da suke sayen kayana bai fi ƙarfinsu ba: su ɗauki makaɗi ɗaya ya riƙa shiga aji sau ɗaya a mako tare da malamin darasin, su biya shi kamar yadda suke biyan malamin wucin gadi. Duk makarantar da ta yi haka, na yi alkawarin canza mata fatun gangunanta kyauta a farkon kowane hunturu.