Dogo ya biya ni kuɗin takalmi

Juma'a 15 ga Janairu 2021, Santa Maria, tsibirin Sal a ƙasar Cape Verde

Hazo ya sauka tun asuba, daga ƙofar shago ko teku ba a gani sosai, leɓe duk ya tsage. Amma na tashi da nishaɗi wlh, don jiya da daddare Hajiya ta kira muka daɗe tana bani labarin sunan jikar Gwaggo da rigimar da akai kan rabon naman suna, har nai bacci ina dariya. Na buɗe shago wajen tara, na share yashin da iska ta turo ta ƙarƙashin ƙofa, na sauko da jakunkunan fata ina shafa musu man kaɗanya ɗaya bayan ɗaya. Iskar gishirin nan bata barin komai, zif ɗin wasu har ya fara tsatsa sai da na bi shi da tsohon buroshin haƙori da ɗan mai. Kayan tun kafin korona na ɗauko su, har yau suna rataye inda na rataye su.

Sai ga maƙwabcina ɗan Senigal ya leƙo da waya a hannu, fuska a ɗaure, wai na ji labari? Ingila ta rufe ƙofa ga duk mai zuwa daga Cape Verde daga yau, an haɗa mu da Fotugal da ƙasashen Kudancin Amurka saboda sabon nau'in cutar da ya ɓulla a Birazil. Fotugal ɗin ma yau ɗin nan suka sake shiga kulle. Nace to Allah ya kawo sauƙi, na cigaba da shafa mai na. Gaskiya a lokacin abin bai wani dake ni ba, dama su 'yan Ingilan suna cikin kulle tun farkon wata, wanda bai zo jiya ba ai ba yau zai zo ba.

Masallaci sahu uku, kowa da takunkumi da dardumarsa. Bara war haka sai an shimfiɗa tabarmi a waje.

Bayan la'asar ina zaune ina shan shayi sai ga Dogo a ƙafa. A ƙafa fa. Tun da na san bawan Allahn nan ban taɓa ganinsa ya zo shagona ba mota ba, tun daga kwanar layi kake jin hon ɗinsa sau biyu, alamar ya kawo min mutane. Kun san aikinsa, ya ɗebi Turawa da safe a bayan a-kori-kurarsa mai benci, ya kai su Pedra de Lume su kwanta kan ruwan gishirin cikin ramin dutsen nan suna iyo ba sa nutsewa, ya kai su Buracona da tsakar rana su ga hasken da ke faɗawa cikin kogon ruwan, su ci abinci a Palmeira, da yamma ya sauke su a ƙofata duk sun yi ja sun yi fari da gishiri, su sayi jaka su sayi tsakiya, ni kuma in ba shi la'adarsa. Haka muke tun tuni ba takarda ba shaida, kuma bamu taɓa samun saɓani kan ko sisi ba.

Muka gaisa, na zuba masa shayi, ya riƙe kofin bai sha ba. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro wata takarda a ninke ya ajiye min kan teburi. Takardar tallarsa ce, wadda yake rabawa a bakin otal, mai hoton Buracona da farashi da Yuro, ta koɗe. Na buɗe na ga eskudo, kuɗin ƙasar nan, dubu ɗaya da ɗari biyar a ciki. Nace na menene? Yace na takalmin yarinya.

Sai da nai shiru kafin na tuna. Watan Fabrairun bara ne, kafin komai ya lalace, ya ɗauki wani ɗan takalmin fata mai jan zare zai kai wa 'yarsa ta ƙarama, yace in rubuta. Ban ma rubuta ba. Tun daga nan duk sanda muka haɗu, a bakin gada wajen masu kifi ko a tashar Espargos, babban garin tsibirin, shi da kansa zai ɗago maganar yana dariya, ɗan'uwana ban manta ba fa, bari Turawa su dawo. Ni kuma ince Allah ya dawo da su lafiya. Abin har ya zama gaisuwarmu, in bai faɗa ba sai in ji kamar bamu gaisa ba.

Na tura masa kuɗin nace haba Dogo, ɗauki abinka, ai Turawan basu dawo ba tukun. Ya turo min. Na sake turawa nace wlh na yafe, ka saya wa yara burodi. Sai ya ɗora tafin hannunsa kan takardar ya danne ta a gabana yace, ɗan'uwana kar ka min haka, bana so in hau jirgi da kuɗin mutum a wuyana.

Nace wane jirgi?

Ashe ya sayar da motar. Wani mai ɗaukar bulo a Espargos ya saya, har an cire bencin baya. Yace banki sun ɗaga ƙafa kan biyan bashi kamar yadda gwamnati tace, amma ɗaga ƙafa ba yafewa bane, kuma mota tana tsaye tana cin tsatsa, inshora na jira, haya na jira. Matarsa gyaran ɗaki take a otal amma da kwantiragi mai wa'adi, wa'adi ya cika cikin kulle ba a sabunta ba, shikenan ta fita daga lissafi. Mako mai zuwa za su bi jirgin ruwa daga Palmeira zuwa Praia, babban birnin ƙasar da ke tsibirin Santiago, daga nan su hau mota zuwa ƙauyensu can wajen Assomada. Nace to me za ka je kai a can yanzu, damina sai wajen Agusta? Yace aƙalla akwai ɗakin babansa da ba a biyan haya, akwai akuya, akwai masara da wake a tukunya. Yace tun Oktoba yake cewa bari in ƙara wata ɗaya, bari a ga Kirsimeti, bari a ga sabuwar shekara, labarin safiyar yau ne ya yanke masa.

Nace ai za ka dawo in abu ya daidaita. Yai murmushi yace in Allah ya yarda. Ya shanye shayin da ya riga ya huce, muka rungume juna duk da an hana, ya tafi zai je wajen mai kanti na layin baya, wai shi ma yana binsa kuɗin shinkafa.

Tun daga lokacin na rasa sukuni, kuma na kasa gane me yasa ɗan wannan kuɗin ya tsaya min a rai haka, kuɗin da bai kai Yuro goma sha huɗu ba. Mutane nawa ne suka tafi tun bara? Masu wanki, masu gadi, yaran da ke koya wa Turawa hawan igiyar ruwa, mai gasa kaza ta kusa da tasha, duk sun watse, wasu Santiago wasu São Nicolau wasu Bissau. Naji ba daɗi amma ban taɓa jin irin na yau ba. Inaga abin shi ne su sauran sun tafi da bashin mutane ko sun bar kayansu a ɗakin wani, ka san akwai abin da zai ja su su dawo. Bashi hanji ne yana cikin kowa, a garin nan ma kusan shi ya riƙe mu tare shekara guda, mai kanti na bin mai taksi, mai taksi na bin mai shayi, kowa na cewa kowa bari Turawa su dawo. Mutumin da ya bi gida gida yana biyan ɗari biyar da dubu ɗaya daga kuɗin motarsa ya riga ya cire rai. Kuma Dogo ba rago bane, ba mai saurin karaya bane, shi ke bamu baki lokacin kullen farko. In har shi ya haƙura to bansan me mu muke jira ba.

Mutanen gida basa gane yanayin tsibirin nan. Yaya ko yaushe sai yace ai an buɗe kasuwanni ko'ina, ka sayar wa 'yan gari mana. Wane ɗan gari? Duk Sal mutum dubu talatin da 'yan kai ne, kuma yawancinsu zuwa sukai saboda otal, kamar yadda na zo. Ƙasa ce busasshiya, ba noma, ruwan sha ma daga teku ake tacewa, tumatir da ayaba sai jirgi ya kawo daga wasu tsibiran. A 2019 baƙi sama da dubu ɗari takwas suka shigo ƙasar, kuma Sal ta fi ko'ina samu, 'yan Ingila ne kan gaba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arzikin ƙasar gaba ɗaya daga yawon buɗe ido yake, to balle nan da babu wani abu sai shi. Da aka tsayar da jirage a Maris ɗin bara cikin 'yan kwanaki garin ya mutu. Ma'aikatan otal masu cikakkiyar takarda an ce a biya su kashi 70 na albashi, rabi daga kamfani rabi daga asusun inshorar ma'aikata, wannan ya taimaki irin su Dona sosai, wata baiwar Allah da muke mutunci da ita a nan, ba don shi ba da ita ma ta kulle gidan ta tafi. Amma mai mota, mai rumfa, mai yi wa Turawa kitso a bakin ruwa, eskudo dubu goma aka ce za a ba masu sana'ar hannu, shi ma sai wanda sunansa ya shiga rajista. Mu baƙi kuwa da yawanmu ko layin bamu shiga ba.

Ranar 12 ga Oktoba da aka sake buɗe filin jirgi na tuna yadda kowa ya fito da fenti, aka wanke kujeru, Dogo har sabuwar taya ya sa. Ana cewa duk wanda ya zo da gwajin da bai wuce awa 72 ba zai shiga. Aka samu ɗaiɗaiku, 'yan masu wasan iska a Kite Beach waɗanda basa sayen komai sai ruwa. Yanzu ne fa tsakiyar kakarmu, daga Nuwamba zuwa Maris, abin da mutum ya samu a nan shi zai ci har shekara ta zagayo. To ga Janairu ya raba.

Ba wai ina ganin laifin Ingila bane gaba ɗaya. Mutane na mutuwa a can sosai, muna gani a labarai, kuma wanda ya fara rasuwa da cutar a ƙasar nan ma ɗan Ingila ne mai shekara 62 da ya zo hutu tsibirin Boa Vista. Kowa na da haƙƙin kare gidansa. Abin da ke min ciwo shi ne yadda ake ƙara sunan ƙasa a jerin sunaye cikin dare ɗaya, a wani ofis mai nisa, washegari mutum mai 'ya'ya uku ya zo yana min sallama. Wanda ya rubuta sunan bazai taɓa sanin an cire benci daga bayan wata mota a Espargos ba. Kuma gwamnatin nan ita ma, shekara da shekaru ana gina otal kan otal, ba a taɓa tsayawa an ce to in jirgi ya daina sauka fa, me mutanen nan za su ci?

Magariba na wuce bakin gada, an kawo tuna manya manya ba mai saye, da otal ke kwashewa. Na sayi ɗan yanki da arha har sai da naji nauyin mai kifin.

Dona ta aiko min da kacupa, dahuwar masara da wake ta mutanen nan, tace ba naman alade ta dafa min daban. Allah ya saka mata. Na gaya mata maganar Dogo tace ta sani tun shekaranjiya, ita ma ya kawo mata tukunyar gas ɗin da ya ara.

Kuɗin na nan cikin takardarsa, na yanke shawarar in sayi biskit da madara in kai wa yaransa a Palmeira ranar tafiya, wannan dai bazai iya mayar min ba a gaban matarsa. Ɗan'auta ya turo saƙo daga Dakar wai akwai mai tahowa ƙarshen wata, ko in turo kuɗi a haɗo min sabbin jakunkuna da huluna? Nace masa ya dakata tukun, ko na da basu fita ba. Ya sake tambaya wai har zuwa yaushe, ban ba shi amsa ba don caji na ya kusa ƙarewa kuma gobe da sassafe zan shiga Espargos biyan kuɗin wuta.