Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Hanyar Mirya

Makon jiya na tsaya a inda na sayar da tumakina biyu na sayi keken tsere na gwanjo. Ranar ce Kawu ya dube ni a zauren gidanmu na Birni, a gaban baƙi, ya ce: "Ɗan gidan malamai da gajeren wando a titi, yana gudu ba mai korarsa." Har yau maganar tana nan a maƙogwarona.

Wasan da ya shiga raina shi ne tiriyatlon: ninƙaya mita 1,500, keke kilomita 40, gudu kilomita 10, a jere ba hutu. Tun 2000 yake cikin wasannin Olamfik. Ninƙaya a Damagaram kuwa, garin da ruwan sha ma sai an bi 'yan garuwa, sai dai ka jira damina ta cika tafki. Shi ya sa na zuba ƙarfina a keke.

Daga gari zuwa Mirya kilomita 18 ne. In je in dawo, in ƙara 4, lissafi ya cika. Wata uku ina fita bayan asuba, kullum awa 1 da minti 35. Na ɗauka ƙarfi ne, sai in sa giya mafi nauyi ina taka feda kamar mai daka gero, gwiwa na ciwo.

Wani tsoho mai faci a Zango ne ya warware mini. Yana shafa wa sarƙata mai, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce: "Yaro, kokawa kake da keken nan." Na ce, "Baba, to yaya zan yi?" Ya sa na ɗora dunduniya kan feda, ya yi ta ɗaga sirdi har ƙafata ta miƙe. Ya ce in sassauta giya, ƙafa ta riƙa juyawa kusan sau 90 a minti. Ashe 60 nake yi. Ya kuma ja rigata da yatsa biyu, ya ce wannan buhu ce, iska take tarawa.

Da hunturu iska ta kan tare ni a fuska idan na nufi gabas, sai na koyi sunkuyawa, in matse gwiwar hannu. Sau biyu a mako ina yin minti 4 da iya ƙarfina, minti 3 a hankali, har sau biyar. Da na sauka kuma sai gudu nan take, ƙafafu kamar na aro. Kafin azumi na sauko awa 1 da minti 14.

Gudu ba mai korarsa, in ji Kawu. Shi ɗin ne dai, shekarar da Inna ta kwanta, ya aiko a tashe ni da dare, wai in kai saƙo Mirya da sassafe tunda ni ne mai sauri. Na kai. Da na dawo, goro ma bai ba ni ba.