Gangaren da na ce ba zai tsaya ba

Tunda na ajiye aikin, yanzu zan iya faɗin abin da na daɗe ina haɗiyewa. Waɗanda muka yi aikin titin nan tare sun san yankan da nake nufi, inda aka sare gindin tudu don a faɗaɗa hanya.

Tun katafila ba ta gama ba na rubuta wa oga cewa gangaren ba zai tsaya ba. Duk abin da ke kan gangare, nauyinsa yana jan sa ƙasa dare da rana. Abin da ke riƙe shi kuwa gogayyar ƙwayoyin ƙasa ce da ɗankonsu, sai gindin tudun da ya tokare na sama. To, gindin muka cire. Ramukan gwaji kuma sun nuna shimfiɗar yumɓu a ƙarƙashin tsakuwa, ta karkato wajen titi. Ruwa yakan ratsa tsakuwa ya tsaya a kan yumɓu, ya ƙara wa ƙasa nauyi, ya cika 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyinta yana matsa su har riƙon da suka yi wa juna ya sassauta. Mutane sun fi ganin laifin santsi, alhali matsin nan ne babban mai ɓarna.

Na nemi a kwantar da yankan, a yi magudanar ruwa a samansa. Oga ya duba kuɗin, ya ce tudun ya girmi kakana kuma bai taɓa faɗuwa ba. Da tsaga ta bayyana a sama, mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, sai ya sa aka cike ta. Toshe tsaga ba laifi ba ne, yana rage ruwan da ke shiga. Amma shi don kada mai duba aiki ya gani ya cike ta.

Aka yi kwanaki ana ruwa, gangaren ya zafto cikin dare. Allah ya tsare, ba kowa a wurin. A taron washegari sunana ne ya fito, wai gwajin ƙasa bai yi kyau ba. Takardata ta ɓace daga fayil. Ina da kwafi, ba wanda ya nemi gani.

Abin da ya fi ci mini rai, labarin ba sabo ba ne, kowa ya karanta shi a aji. A Vajont ta Italiya an daɗe ana auna motsin dutsen Toc kafin daren 9 ga Oktoba 1963, lokacin da kimanin mita kubik miliyan 270 na dutse ya zame a kan siraran shimfiɗun yumɓu ya afka cikin tafkin madatsar ruwa. Ruwan ya tsallake madatsar ya kashe kusan mutum 2,000, ita kuwa tana nan tsaye har yau. A Aberfan ta Birtaniya, a 1966, tulin sharar mahaƙar kwal da aka jibge a kan maɓuɓɓugan ruwa ya rufto wa makarantar firamare. Mutum 144 suka mutu, 116 yara ne. Mutanen garin sun kai kuka tun kafin hakan.

Ga sababbin shiga: ku riƙa duba turakun lantarki da shingaye, in sun karkata ƙasar tana rarrafe ne, ko da 'yan milimita ne a shekara. Ɗaukewar ruwa ba ita ce wucewar haɗari ba, gangare yakan zafto bayan kwanaki. Duk gargaɗin da za ku yi, ku yi shi a rubuce, a sa muku hannu a kan kwafinku. Bangon tare ƙasa kuwa dole ya kasance da ramukan fitar ruwa, in ba haka ba ruwan ya taru a bayansa ya ture shi. An turo mini hoton wanda suka gina bayan tafiyata. Na duba da kyau, babu rami ko ɗaya.