Jiri in na miƙe, sarƙewar numfashi in ta kwanta

Tun azumin da ya wuce nake son yin wannan rubutun, sai yau Allah ya nufa. Abin ya fara min ne a sallar asham a masallacin unguwarmu nan Tudun Wadar Zariya, na ɗago daga sujada zan miƙe kawai sai duhu ya rufe min ido, kunnena ya ɗauki ƙara, zuciyata na bugawa fat fat fat kamar za ta fasa ƙirji, sai da na dafa kafaɗar matar da ke gefena na koma na zauna. A zaune na ƙarasa sallar. Kwana uku abin na dawowa, kuma kullum sai in zan tashi, in dai ina zaune ko kwance lafiyata ƙalau.

Gwaggona ta ce iska ce, a yi min tofi. Maƙwabciyata kuma ta ce jinina ne ya hau. Da na je asibiti ashe sauka yake yi. Likitar ta sa na kwanta minti biyar ta auna min jini, sannan ta ce in miƙe tsaye ta sake aunawa, sai ga lambar ta faɗi sosai. Ta ce duk wanda ya miƙe, jini kamar rabin lita ko fiye yana gangarawa ƙafafu da ciki, to jiki ne ke saurin matse jijiyoyi, zuciya ta ɗan ƙara gudu don kar ƙwaƙwalwa ta rasa jini. In ruwa ya yi ƙaranci a jiki, ko akwai maganin da ke hana jijiyoyin matsewa, shi ne za ka ga jiri da duhu. Ma'aunin da suke bi shi ne, cikin lambobi biyu na awon jini, lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10 cikin minti 3 da tsayuwa. Ni kuwa ga azumi ga zafin Zariya, ga maganin hawan jini mai sa fitsari da nake sha da sahur. Ta gyara min lokacin sha, ta ce in yawaita ruwa tsakanin buɗa baki da sahur, in zan tashi in fara zama bakin gado tukuna. Ta ja min kunne kar in kuskura in daina maganin da kaina.

A nan na ji cewa akwai wani kala da ya fi kama 'yan mata da mata masu ƙuruciya, su jinin ba ya faɗuwa, bugun zuciyar ne ke ƙaruwa da 30 ko fiye a minti ɗaya cikin minti 10 da miƙewa. Sannan masu jin bugun zuciya in sun kwanta ta hagu, sau da yawa don zuciyar ta matso kusa da haƙarƙari ne shi ya sa ake jin ta.

Amma wallahi ba nawa ne ya sa ni rubutun nan ba, na ƙanwata ne. Sati uku da haihuwarta, tana wankan jego a gida can cikin birni, sai ta daina iya kwanciya. Da ta miƙe a katifa numfashi ya sarƙe, tari ya taso, sai ta jera filo uku, daga baya ma a zaune take kwana jingine da bango, jaririn a cinyarta. Ƙafafunta sun kumbura, na danna yatsa a ƙaurinta ramin ya tsaya bai ciko ba. Kowa cewa yake gajiyar haihuwa ce, a ƙara mata kunun kanwa, ruwan wankan ya ƙara zafi.

Na ce Inna don Allah ki bari in kai ta asibiti. Ta ce ke 'yar nan, mu haka muka yi jegonmu. Na yi ta roƙo har ta ce to ku je.

A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika aka yi mata hoton zuciya aka ce zuciyar ce ta yi rauni bayan haihuwa, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, in ta kwanta ruwan da ya taru a ƙafa ya komo ƙirji ya cika huhu. Ashe ciwon nan sanannen abu ne a garin nan, tun 1978 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, suka fitar da bincike kan matan Zariya masu shi, suka danganta shi da gishirin da ke cikin kanwa da zafin wanka da kwanciya kan gado mai wuta a ƙasa. Daga baya bincike a Kano ya ƙara nuna akwai ƙarancin sinadarin seleniyom a jikin masu ciwon.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne tambayar farko da likitan ya yi mata, bai ce ina ke miki ciwo ba, cewa ya yi filo nawa kike kwana a kai, kuma tun yaushe. Ni ma tawa tambayar da aka min kenan, a tsaye ne ko a kwance. Shi ya sa yanzu duk wadda ta ce min ƙirjinta na damunta sai in ce ta lura da yanayin da yake taso mata ta faɗa wa likita, in kuma maijego ce da ba ta iya kwanciya, ko akwai suma ko ciwon ƙirji, ba a jira gari ya waye.

An hana ta kanwa, an rage mata gishiri, tana kan magani, an kuma ce kar ta sake ɗaukar ciki sai an duba zuciyar. Shekaranjiya na leƙa ɗakinta da asuba na tarar da ita tana barci kan filo ɗaya, Inna na zaune a gefe riƙe da jaririn.